Yadda ake gano abin da ke sa kwamfuta cijewa a lokacin editin bidiyo

Da zarar hoto ya fara in'ina a manhajar editin ta Premiere, ko maus ya daskare a tsakiyar aikin biki, maganar da ke fara fitowa daga bakin mai editin ita ce RAM ya yi kaɗan. Sai a ɗauki laftof a nufi kasuwar kwamfuta ta Beirut Road a Kano, a ƙara giga takwas, a dawo a tarar cijewar na nan yadda aka bar ta. Kuɗi sun tafi, ga dangin amarya suna ta kira. RAM yana ƙarewa, babu musu. Amma abubuwa huɗu ne ke ɗauke da aikin bidiyo: furosesa, RAM, faifan ajiya da katin hoto, kuma yawanci ɗaya ne daga cikinsu yake riƙe sauran. Ga zafi da wutar lantarki a gefe, waɗanda kan karya lagon na'urar gaba ɗaya. Kafin ka cire ko sisi, sai ka gano wane ne mai laifin, kuma kwamfutar da kanta za ta nuna maka shi in ka san inda za ka duba.

Fara da kama ɓarawon yana cikin sata

Buɗe aikin da ke ba ka wahala, ka je daidai wurin da hoton ke cijewa, ka sa shi yana wasa. Yana cikin wasan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, ka shiga shafin Performance. Kada ka duba shi lokacin da kwamfutar ke hutawa, domin a lokacin kowa lafiyarsa ƙalau.

Idan CPU ya manne a 100 bisa 100 sauran kuma suna ƙasa, furosesa ce ke fama, kuma galibi irin fayil ɗin ne ya fi ƙarfinta. Idan Memory ya haura 90, sannan Disk shi ma yana tashi sama, to a nan ne maganar RAM ta zama gaskiya, domin Windows ta fara aron wuri a faifai. Idan Disk kaɗai ne ya cika, faifan ne ba ya kawo fayil da saurin da ake buƙata. Idan kuwa GPU ne, wato katin hoto, dubi layin Dedicated GPU memory ka ga ko ya cika maƙil.

Akwai yanayi na biyar wanda ya fi rikita mutane: babu wanda ya cika, amma aiki ba ya tafiya. A nan ka dubi inda aka rubuta Speed a ƙarƙashin CPU, ka kwatanta da Base speed. In furosesar da aka rubuta mata 2.4 GHz tana tafiya a 0.79 GHz alhali kana aiki, an daƙile ta ne, ko dai zafi ko caja. Za mu zo kansu.

Sai gwaji na biyu, wanda ba ya cin minti biyar. Buɗe sabon aiki fanko, ka jefa fayil ɗaya tak, babu gyaran kala babu rubutu. In ya tafi sumul, matsalar tana cikin ƙawa da ka ɗora a tsohon aikin. In ya cije a nan ma, fayil ɗin ne ko na'urar. A manhajar editin ta DaVinci Resolve danna Shift da D yana kashe duk gyaran kala na ɗan lokaci, a Premiere kuma akwai maɓallin Global FX Mute da za ka jawo daga alamar ƙari da ke ƙasan allon kallo.

Fayil ɗin da aka ba ka

Nan ne ya kamata a daɗe, domin a ganina nan mafi yawan ciwon yake, musamman yanzu da rabin hotunan kamu da wunin biki daga wayoyin ƙawaye suke zuwa.

Sauke MediaInfo, kyauta ce kuma ƙarama. Jefa fayil ɗin a ciki ka duba abubuwa huɗu: Format, wato ko AVC ne ko HEVC, girman hoton, Bit depth, 8 ko 10, da Frame rate mode.

AVC shi ne H.264, HEVC kuma H.265. Dukansu an yi su ne don fayil ya zama ƙarami, ba don a yanka shi ba. Ba sa ajiye kowane firem, wato kowane hoto ɗaya cikin jerin da ke haɗa bidiyo, cikakke. Sukan ajiye cikakke guda ɗaya, sai jerin waɗanda ke biye da shi a rubuta abin da ya canza kawai. Kamar littafin bashin mai shago ne: ya rubuta jimla sau ɗaya, daga nan sai "an ƙara sukari", "an biya ɗari biyar". In kana son sanin bashin ranar Laraba, dole ka koma jimlar ƙarshe ka lissafo zuwa ranar. Haka kwamfuta ke yi duk lokacin da ka ja maus baya ko ka yanka a tsakiya. Kallon fim daga farko zuwa ƙarshe ba ya wahalar da ita, shi ya sa fayil zai yi wasa lafiya a manhajar kallo ta VLC amma ya cije a wurin editin. HEVC ya fi H.264 matse fayil, don haka lissafinsa ya fi nauyi. In kuma 4K ne, ɗigon da ke cikin kowane firem ya ninka na 1080 sau huɗu, sama da miliyan takwas maimakon miliyan biyu da 'yan kai.

Furosesocin Intel suna da wani ɓangare da aka ware don wannan lissafin, sunansa Quick Sync. Amma kowane zamani da abin da ya iya. Na ƙarni na 6 ne suka fara buɗe HEVC mai 8-bit gaba ɗaya da kansu, na 7 suka ƙara mai 10-bit. Daga ƙarni na 2 zuwa na 9, lambar farko bayan alamar tsakiya ita ce ƙarnin: i5-4300U na huɗu ne, i5-6300U na shida, i5-8250U na takwas. Saboda haka "Core i7" da mai shago zai faɗa maka da ƙarfi ba ta ce komai ba sai ka ga lambar da ke bayanta. A aikin hoton waya, i5 na ƙarni na 8 ya fi i7 na ƙarni na 4 nesa ba kusa ba. EliteBook 840 G1 da ta cika kasuwar tokumbo ƙarni na 4 ce, G3 na 6, G5 kuma yawanci na 8. Adobe ma da kansu sun sa ƙarni na 6 a matsayin mafi ƙanƙantar abin da sababbin Premiere ke buƙata.

Don ka tabbatar ko wannan ɓangaren yana aiki, koma Task Manager, shiga GPU, ka dubi akwatin Video Decode yayin da hoton ke wasa. In yana motsi, ana taimakon furosesa. In yana kwance a sifili CPU kuma yana 100, ita kaɗai ke ɗauke da kayan. A Premiere shiga Edit, Preferences, Media, ka tabbatar an kunna hardware accelerated decoding, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa.

Wayoyin iPhone tun iOS 11 a 2017 suna ɗaukar HEVC in ba ka canza ba, kuma daga iPhone 12 suna ƙara HDR mai 10-bit. Shi ne hoton nan da ke fitowa da haske fau, fuskoki sun ƙone, kalar leshi ta koɗe. Idan wayar da za a ɗauki aikin da ita tana hannunka kafin biki, shiga Settings, Camera, Formats ka zaɓi Most Compatible, sannan a Record Video ka kashe HDR Video. Minti ɗaya ne, kuma ya fi duk gyaran da za ka yi daga baya. Masu manyan kamarori irin Sony A7S III da Canon R5 kuma su sani cewa 10-bit 4:2:2 ya fi duka nauyi, kuma yawancin tsofaffin katunan hoto ba sa buɗe shi da kansu, komai tsadarsu.

Sai Frame rate mode. In ka ga Variable, wayar ba ta riƙe adadin firem ɗaya a daƙiƙa ba, tana hawa tana sauka gwargwadon haske da zafinta. Sakamakonsa shi ne bakin mai jawabi ya yi gaba murya ta biyo baya, kuma tazarar tana ƙaruwa yadda bidiyon ke tsawo. Ƙarin RAM ba ya taɓa wannan. Maganinsa HandBrake: jefa fayil ɗin, a shafin Video ka zaɓi 30 ko 25, ka danna Constant Framerate, ka fitar da sabo. Cikin jerin saitinta akwai rukunin Production, wanda aka tanada don fayilolin da za a yanka. Shutter Encoder ma tana yin aikin.

Tun da an zo kan adadin firem: in kamara ta ɗauka a 25, waya a 30, ka haɗa su a layi ɗaya, ɗayansu zai riƙa ɗan tsalle ko a kwamfuta mafi tsada. Wannan ba cijewa ba ce, lissafi ne bai yi daidai ba. Wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, don haka 25 ko 50 sun fi zama lafiya a ƙarƙashin fitilun zauren biki. A daidaita duk masu ɗauka kan abu ɗaya tun kafin a fara.

Yi furoksi, kada ka ji kunya

Furoksi ƙaramin kwafi ne mara nauyi da kake yanka da shi, in an zo fitarwa manhajar ta koma kan asalin fayil. Ingancin aikinka ba ya raguwa ko kaɗan. Wasu na ganinsa kamar aikin mai ƙaramar kwamfuta, alhali manyan ɗakunan haɗa fim da shi suke aiki.

A Premiere zaɓi fayilolin a akwatin Project, danna dama, Proxy, Create Proxies. Zaɓi ProRes, irin fayil mai sauƙin yankawa, a ƙaramin girma. Media Encoder zai buɗe ya yi aikin, don haka dole yana kan kwamfutar kuma sigarsa ta dace da ta Premiere. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama furoksin a manta kunna shi: jawo maɓallin Toggle Proxies daga alamar ƙari ta ƙasan allon kallo, ka danna sai ya zama shuɗi. A Resolve danna dama, Generate Proxy Media, sannan a Playback ka zaɓi Prefer Proxies. CapCut ta kwamfuta ma tana da shi a Settings ƙarƙashin Performance.

Ka tanadi wuri. ProRes Proxy a 1080 yana cin kusan giga 20 a awa ɗaya, a 720 ƙasa da haka sosai. Aikin yana ɗaukar lokaci, saboda haka a sa shi da daddare in akwai wuta, a wayi gari an gama.

In aikin gajere ne bai kai a yi furoksi ba, rage kaifin allon kallo daga Full zuwa 1/2 ko 1/4. Wannan ya fi taimakawa in ƙawa ce ta yi yawa. Inda ka ga jan layi a saman aikin, kamar wurin Warp Stabilizer ko goge hayaniyar hoto, sa alamar farko da ta ƙarshe ka danna Enter ya yi rendarin, wato ya gama lissafin wurin tun kafin a kalla, layin ya koma kore. Irin waɗannan masu nauyin a bar su sai ƙarshen aiki.

Zafi da caja

In kwamfuta tana fara aiki da ƙarfi, bayan kwata na awa ta soma ja da baya, fanka tana kuka, zafi ne. Furosesa in ta kusanci digiri 95 zuwa 100 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Sauke HWiNFO, buɗe Sensors, ka duba zafin da layin Thermal Throttling. In ya nuna Yes, ka kama shi.

A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi iskar da fanka ke shaƙa da ma ta haura digiri 40 da rana, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ragar da iska ke fita. Laftof ɗin tokumbo kuma man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ya bushe tun a ƙasar da ta fito. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya cire ƙurar da ta dunƙule bayan fanka, ya goge tsohon man ya sa sabo. Ka tsaya a kansa. In zai hura iska mai ƙarfi, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi fiye da ƙa'ida. A gida kuma kada a ɗora ta kan katifa ko darduma. A ɗaga bayanta kaɗan iska ta samu hanya. Rendarin mai tsawo a bar shi zuwa dare.

Caja kuma ana raina ta. Laftof mai katin NVIDIA ba ta ba da cikakken ƙarfinta a kan batir, don haka aikin da ya tafi lafiya da wuta zai cije da zarar an ɗauke. Sannan cajar Dell da HP masu zagayen baki suna da siririyar allura a tsakiya wadda ke gaya wa kwamfuta ƙarfin cajar. In allurar ta karye, ko cajar jabu ce, ko ka sa mai wat 65 a inda ake son 130, kwamfutar takan daƙile furosesa. Shi ne 0.79 ɗin nan. Aro cajar asali ka gwada kafin ka zargi wani abu. A Windows kuma ka sa Power mode a Best performance. Mai kwamfutar tebur da ke aiki da janareto ya nemi UPS, domin ɗaukewar wuta ana cikin rubuta fayil tana lalata aiki, wani lokaci har da faifan.

Faifan ajiya

Tsohon faifai mai juyawa na laftof yana ba da kusan mega 100 a daƙiƙa in yana cikin hayyacinsa. SSD, faifan da ba ya juyawa, na SATA ya kai 550, na NVMe kan haura 3,000. In har yanzu Windows ɗinka tana kan mai juyawa, to sauya shi da SSD shi ne kuɗin farko da ya cancanci kashewa, gaban RAM.

Kada ka yi editin daga katin kamara ko filasha, kwafe fayilolin tukuna. In faifan waje ne, sa shi a ramin USB 3, mai shuɗin ciki ko alamar SS; ramin USB 2 bai wuce mega 40 a daƙiƙa ba. Kada faifan C ya cika har layinsa ya yi ja. Abin da ke cinye shi a ɓoye shi ne tarin da manhajar ke ajiyewa: a Premiere shiga Preferences, Media Cache, ka share. Ba ya taɓa aikinka, kuma sau da yawa yana warkar da sautin da ya ɓace ko hoton da ya yi baƙi ba dalili. Faifan da ke ƙaran ƙas-ƙas ko yake ɓacewa ya dawo, duba shi da CrystalDiskInfo. In ya nuna Caution, kwashe kayanka a ranar.

Katin hoto da direbansa

Laftof mai kati biyu, na Intel da na NVIDIA ko AMD, takan ba manhajar ƙaramin. Shiga Settings na Windows, System, Display, Graphics, ka zaɓi manhajar ka sa ta a High performance. A Premiere duba File, Project Settings, General: in Renderer yana kan Software Only, katin yana zaune ne kawai.

Koren hoto, ƙyaftawa, ko baƙin allo alhali sauti na tafiya, yawanci direba ne, wato manhajar da ke sarrafa katin. Ɗauko shi daga shafin kamfanin katin, kuma ga masu NVIDIA a zaɓi Studio Driver maimakon na wasanni. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, koma tsohon. Manhajar DDU tana goge direba tas kafin a sa wani. Dokar da nake bi ita ce ba a sabunta komai, manhaja ko direba ko Windows, ana tsakiyar aikin mutane.

Resolve ta fi Premiere dogaro da kati. Saƙon "GPU memory is full" yana nufin ma'ajiyar katin ce ta cika, kuma RAM ɗin kwamfuta ba ya maye gurbinta. Sauke girman layin aikin zuwa 1080 a Project Settings, ka yi yankanka, ka mayar da shi 4K lokacin fitarwa in da buƙata. Sigar kyauta a Windows kuma ba ta buɗe wasu fayilolin 10-bit, sai ka ji sauti babu hoto, ko ta rubuta Media Offline alhali fayil yana nan. Juya shi zuwa DNxHR ko ProRes da Shutter Encoder.

In manhajar tana rufewa da kanta ko fitarwa ta tsaya

"Error compiling movie" yakan zo da lokacin da abin ya faru. Rubuta lambar, je daidai wurin a layin aiki. Kusan kullum akwai abu a can: hoton gayyata mai girman gaske da aka jefa yadda yake, fayil ɗin WhatsApp, ko mahaɗa mai nauyi tsakanin yanka biyu. Rage girman hoton, juya fayil ɗin, ko cire ƙawar. In saƙon bai nuna wuri ba, fitar da rabin farko, sannan na biyu, ka ci gaba da raba rabin da ya ƙi har ka iso kan mai laifin. In duk bai yi ba, a saitin fitarwa canza Hardware Encoding zuwa Software Encoding. Zai daɗe, amma yakan kai ƙarshe.

Premiere da ke rufewa tun wurin buɗewa, riƙe Alt yayin da take tashi don mayar da saitinta na asali. Aikin da ya ƙi buɗuwa, nemi jakar Auto-Save kusa da shi ka ɗauki kwafin baya. A Resolve kunna Live Save da Project Backups tun yau.

Akwai kuma maganar da ba a cika son yi ba. Manhajar da aka fasa aka zuba maka a kasuwa takan zo da baƙo, wato ɓoyayyiyar muguwar manhaja. In ka rufe komai amma CPU ko GPU yana sama, fanka tana gudu, duba shafin Processes ka ga wa ke ci. Wasu irin waɗannan baƙin suna lafawa da zarar an buɗe Task Manager, don haka fankar da ke yin shiru duk lokacin da ka buɗe shi abar zargi ce. Maganin da na yarda da shi shi ne sabuwar Windows. Maimakon manhajar da aka fasa, Resolve ta kyauta tana fitar da aiki har 4K, ta ishi bidiyon biki da na barkwanci. Manhajar riga-kafi (antivirus) biyu a kwamfuta ɗaya ma nauyi ne, haka OneDrive in tana ƙoƙarin loda fayilolin bikin tana cinye maka data.

In ya tabbata sai an sayi wani abu

Yanzu ka san wanda ya cika a Task Manager, shi za ka saya wa magani. In RAM ne, 16 shi ne abin da Adobe ke ba da shawara don aikin 1080, 32 don 4K. Sanda biyu masu giga 8 sun fi ɗaya mai 16 ga laftof da ke dogaro da katin Intel, domin katin daga RAM yake ci. Duba Slots used a shafin Memory kafin ka fita, saboda wasu siraran laftof RAM ɗinsu a manne yake, ba a ƙarawa, kuma DDR3 ba ya shiga ramin DDR4.

In furosesa ce, a yawancin laftof ba a canza ta, sai dai furoksi ko wata kwamfutar. Mai neman wata ya fara daga ƙarni na 8, domin daga nan ne Windows 11 ke karɓa a hukumance, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Harafin ƙarshen lambar ma yana magana: U ta tattalin batir ce, H ta aiki mai nauyi. Tafi shagon da fayil ɗin da ya fi ba ka wahala a filasha, tare da HWiNFO da HandBrake. Sa kwamfutar ta juya fayil ɗin na minti goma a kan cajar da za a ba ka, kana kallon zafi da Speed. In gudun ya faɗi ƙasa da Base speed kafin lokacin ya cika, ce a kawo wata.